Damtsen Hassana

Tun da na dawo daga Sakkwato ba ku bar ni na huta ba. Dije ta tare ni bakin rijiya, Lanti ta bi ni har gidan suna, kowa da tambayarta: yaya garin yake, mi anka gani, mi anka ce. In na fara ba ɗaya labari sai wata ta shigo a tsakiya, in koma farko. Wata uku ke nan ina maimaitawa. Shi ya sa na ce bari in tuno ɗan karatun manyan da muka yi a rumfar lakwal, makarantar bokon ƙauyenmu, in rubuta shi sau ɗaya, wadda ta iya ta karanta wa wadda ba ta iya ba. Inda hannuna ya karkace ku yi haƙuri, ya fi sabawa da muciya.

Kun san ni ba mai fita ba ce. Kafin wannan tafiya Konni ce iyakata, ita ma sau biyu, kuma duk biyun ba don daɗi ba. Ni dai a bar ni da tsakar gidana, da awakina, da mai shigowa mu yi hira. Abin da ya fitar da ni jikata ce, Hassana.

Saboda wadda takardar nan za ta iske ba ta san gidanmu ba: ƙauyenmu tafiyar awa guda ne daga Tajaye. Ɗana Sama'ila yana Kwatano wajen cinikin albasa, sai shekara ta zagayo muke ganinsa. Matarsa Rabi ta rasu ta bar mana tagwaye suna da shekara uku, Hassana da Usaini, ni na rene su. Bana suna cikin ta goma sha huɗu. Kuma kun san riƙon tagwaye a wurinmu: abin da aka yi wa ɗaya sai an yi wa ɗayan. In ka saya wa wannan takalmi ka bar wancan, kada ka yi mamaki in tukunyarka ta ƙi tafasa ko ka iske kunama a shimfiɗarka. Ni ban taɓa gwadawa ba balle in gani. Atamfa ɗaya nake yankawa, a yi mata zane a yi masa riga. Da ludayi ɗaya nake auna musu fura. Ko ƙosai ne ya zo uku, sai na raba na ukun biyu.

Amma jikin bai fito ɗaya ba. Usaini siriri ne kamar karan dawa. Hassana kuwa tun bayan waccan shekarar fara da yunwa ta soma cika, ta yi ɓulɓul, kumatu kamar a taɓa su fashe. Ku ma kun yaba, ku ne masu cewa Tabawa ta iya kiwo. Ni kuma ina jin daɗi, ba zan ɓoye ba. Wanda ya ga yaran da ake ƙirga haƙarƙarinsu a waccan shekarar ba zai dubi ƙiba ya kira ta ciwo ba.

Da rani ya yi nisa sai ta fara shan ruwa kamar raƙumi, tana zagayawa bayan ɗaki ba adadi. Wuyanta ya yi baƙi. Na zaci dauɗa ce, na zaunar da ita na dirje da soso har ta yi kuka, bai fita ba. Maruru ya fito mata a cinya ya ƙi warkewa. Ranar da na ga kiyashi sun yi layi a inda ta tsuguna, sai da na dafa bango. Na san kiyashin nan. Haka suka yi wa Malam, kakansu, Allah ya jiƙansa, kafin ƙaya ta soke shi a gona, mikin ya ƙi rufewa, aka yanke ƙafar, bai ƙara damina biyu ba. Amma Malam tsoho ne. Ban taɓa jin ciwon sukari ya kama yarinya ba.

Majo, babban mai ba da magani a likitar Tajaye, ya ce shi ma sukarin yake zato, amma na yara ba abin wasa ba ne, a kai ta inda ake da masu duba yara. Ya rubuta takarda. Na je shagon da ke da salula aka kira mini Sama'ila. Ya ce Yamai ta yi nisa kuma ba mu da kowa can, mu tafi Sakkwato wurin gwaggonsa Hajiya Kulu, ƙanwar Malam. Ya ce Usaini ya zauna ya kula da bisashe. Na ce masa shi ya haife su amma ni na san su, ba zan kai ɗaya birni in bar ɗaya tsaye yana kallon bayan mota ba.

Mun fita da sassafe a motar da ke bi ta ƙauyenmu ranar kasuwa. Na yi guzuri kamar mai zuwa Makka: curin fura cikin ƙwarya, nono cikin jarka, ƙullin sukari, da wake tiya biyu na tsarabar Hajiya Kulu. An cusa mu baya. Kusa da mu akwai wani ɗan kasuwar shanu mai babbar farar riga, da wata tsohuwar Bafulatana. Da suka ji neman magani za mu, ɗan kasuwar ya leƙa Usaini ya girgiza kai, ya ce Allah ya ba shi lafiya, da gani yaron ya jima yana jinya. Usaini ya ce shi ko zazzaɓi bai yi ba bana. Mutumin ya ce masu ciwo haka suke cewa.

Kafin mu hau kwalta Hassana ta sa an tsaya sau biyu. A na uku direba ya ce shi mota yake tuƙi, ba amalanke ba. Hassana ta sunkuyar da kai, na ga tana matse ƙafafu. Bafulatanar ce ta buga bayan kujerarsa da sandarta, ta ce in bai tsaya ba ita ma tana da nata uzurin, kuma ita ta wuce shekarun jin kunya. Ya tsaya. Da muka koma mota ta kama hannun Hassana ta riƙe har Tsarnawa.

A Tsarnawa ne nonon ya yi nasa aikin. Rana ta buɗe, jarka ta kumbura ban lura ba, mota ta faɗa rami, murfin ya tashi sama. Duk a farar rigar ya sauka. Ina ba da haƙuri, ina gogewa da gefen mayafina, ina ƙara shafa masa. Mutumin kirki ne. Ya dubi rigar ya ce ba komai, sana'arsa ce ta biyo shi. Har Konni muna warin tsami, ƙudaje na yi mana rakiya.

Konni ta canza. Kabu-kabu, baburan da ke ɗaukar mutane, sun fi jakuna yawa. Wani ɗan ƙauyenmu mai canji ya karɓi sefarmu ya ba mu naira, takardu masu laushi kamar tsumma, na ƙulle a haɓar zane ban gama yarda kuɗi ba ne. Ya ce zuwa iyaka sai kabu-kabu. Na ce ni da girmana? Ya ce waɗanda suka haife ni ma suna hawa. Na zauna ta gefe, na rungume ƙwaryar fura, na rufe ido, ina karanto duk surar da na sani. Usaini a bayan nasa babur yana ɗaga murya: "Amaryata, buɗe ido ki ga duniya." Kun san wasan jika da kaka, tun yana rarrafe ake ce masa mijina. Na ce masa in mun sauka lafiya ya rubuta mini takardata, na gaji da auren.

Ni na zaci iyaka bango ce ko wani babban rafi. Ashe sanda ce aka gicciye a hanya. Mutanen can da na nan kamarsu ɗaya, maganarsu ɗaya. Namu jandarma da 'yan duwan, masu binciken kaya, suka duba suka ce mu wuce. A ɓangaren Najeriya wani dogo mai kaki ya ce takardu. Na kwance ƙullina na zube masa duk abin da na mallaka: katin zaɓe, takardun haihuwar yara, takardar majo, har da ta rigakafin awaki da ta shigo ciki ban sani ba. Ya juya takardar majo sama da ƙasa. Faransanci ce, shi kuma ba shi ya karanta ba. Ya tambayi wane ne marar lafiyar, kafin in buɗe baki ya dafa kan Usaini ya ce a riƙa ba shi abinci. Ya dubi Hassana ya ce wannan kam tun a ciki ta cinye rabon ɗan'uwanta. Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Garin farko bayan sandar sunansa Illela, kamar tamu ta nan Nijar, sai dai ta fi hayaniya. Nan muka sami motar Sakkwato. Hanyar ba abin faɗi sai shingaye, kowane da masu kakinsa, direba ya gaishe su ta taga a wuce. Mun bi ta Gwadabawa da Kware. Dab da shiga gari aka hau wata gada, na ga ruwa kwance a tsakiyar rani, da lambuna kore shar. Usaini ya ce in da gonarmu nan take da ya huta. Hassana barci take a kafaɗata, bakinta ya bushe.

Gidan Hajiya Kulu ƙofarsa ta ƙarfe ce, sai an buga ake buɗewa. Rabona da ita tun zaman makokin Malam. Ta rungume ni muka yi kukanmu muka share. Sai ta juya ta jawo Usaini jikinta.

"Matar yaya, wanga yaro mi ka damun shi? Dubi wuya awa na zakara."

Na ce ba shi ba ne, Hassana ce.

"Wagga? Ai wagga ita ce lahiya da kanta."

Ba ta yarda ba sai da na ba ta labarin kiyashi. Nan ta gane, don ita ma ta yi jinyar yayanta. Amma duk da haka zuciyarta na kan siririn. Ta dafa masa shayi mai kauri da madarar gwangwani, ta zuba sukari cokali uku, ta ce ya sha ya yi ƙarfi. Ni kuma na ce mata tagwaye ne fa. Aka haɗa wa Hassana irinsa, na tsaya a kanta har ta shanye. Har yau ban manta kofin nan ba.

Kwana huɗu muka yi a gidan. Mutanen kirki ne, amma zamansu ba irin namu ba ne. Ruwan sha a leda ake sayensa, ka ciji gefe ka tsotsa kamar jariri. Akwai firji da fanka, sai dai wutar tana zuwa tana tafiya yadda ta ga dama, in ta dawo yaran unguwa su yi shewa kamar an ga wata. Shinkafa ake ci rana da yamma, manja na yawo a kai, baƙo kuma lemun kwalba ake tarbarsa da shi kafin ruwa. Gaisuwarsu gajera ce. Mu nan sai mun tambayi gida da yara da gajiya da bisashe, su kuwa kana cikin ta biyu mutum ya kai ƙofa. Maƙwabciya ba ta faɗo maka gida neman gishiri ta zauna har azahar. Na ce wa Hajiya Kulu ni a irin wannan gida kwana goma zan yi in fara hira da fanka. Ta ce ai ita ta jima da farawa.

Can wurin da mu muke ce wa likita asibiti suke kiransa, mai duba mutane shi ne likita. Girmansa ya fi ƙauyenmu. Ranar farko kati kawai muka yanka, aka duba Hassana sama-sama, aka ce a dawo da ita gobe da safe kada ta sa komai a baki sai ruwa, za a auna jini. Hajiya Kulu ta ce a gidanta ba a taɓa fitar da baƙo da ciki wofi ba, ko ɗan kunu ne a bari ta sha. Na ce an ce ko kunu. Na kuma ce tunda Hassana ba za ta ci ba, Usaini ma ba zai ci ba. Ya dube ni ya ce, "Amaryata, wanga aure dai yunwa ce cikinsa."

A layin awon jini na zauna kusa da wata mata daga wajen Argungu, da ɗiyarta 'yar shekara bakwai, siririya. Ta ce ɗiyar sukari gare ta, kullum sai an yi mata allura, ita uwar da kanta take yi. Ba su da firji, maganin a ƙaramar tukunya take sa shi ta binne cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. Ta faɗa mini ciwon ba iri ɗaya ba ne, na ɗiyarta in aka bar allura kwana kaɗan sai a rasa ta. Ta faɗi haka tana gyara wa yarinyar ɗankwali, kamar mai ba da labarin farashin gero. Na jima ina kallon hannunta.

Da layi ya zo kanmu, mai awon ya ɗebi jinin Hassana ya ce na gaba. Na tura masa Usaini. Ya ce wannan ba shi da takarda. Na ce tagwaye ne, ba a huda ɗaya a bar ɗaya. Ya ce nan asibiti ne, ba gidan suna ba. Na ce to, na gyara zane na zauna a bencinsa. Mutane na bayanmu suka fara gunaguni. Da ya ga ba tashi zan yi ba, ya ce in je in faɗa wa likita da bakina.

Likitar mace ce, ƙarama, da tabarau, in ka gan ta a hanya sai ka aike ta. Na shirya jin faɗa. Sai ta ajiye alƙalami ta tambaye ni ko gida ɗaya suke, tukunya ɗaya. Na ce har ludayi ɗaya. Ta tambaya ko shi ma bai karya ba. Usaini ya ce ta tambayi cikinsa. Ta yi murmushi ta rubuta masa takarda, ta ce ai tunda na ce kakansu ya yi ciwon, ya kamata a duba shi.

Bayan azahar aka kira mu. Takardu biyu ne a gabanta. Ta ce na Usaini daidai yake. Na Hassana ya hau, ya hau sosai, sukari ne. Na riga na sani, amma jin sa a bakin wani daban ne. Hassana tana kallon ƙafafunta.

Likitar ta ce wa Usaini ya ba ta labarin yininsa tun daga asuba. Ya ce ya ja wa bisashe ruwa, ya tafi koleji a Tajaye a ƙasa, ya dawo a ƙasa, ya yiwo ciyawa, da yamma ƙwallo ko kokawa, da damina kuma gona. Ta juya wurin Hassana. Ni na karɓe, har da gyara zama. Na ce ita kam Allah ya hutar da ita. Tun da ta gama firamare ban bari ta bi wannan doguwar hanya ba. Tun da ubanta ya fara aike, gero inji ake kai shi, ruwa mai amalanke ke kawowa, itace saye nake yi. Na ce ko tsintsiya in ta ɗauka karɓewa nake.

"Mama, bari ta faɗa da kanta."

Hassana ta ce tana tashi ta yi salla, ta sha kunu, ta zauna. Ta saurari rediyo. In an dama fura ta sha. Wata rana ta yi wa yara kitso. Ta tsaya tana neman abin da za ta ƙara, ba ta samu ba.

Likitar ta tambaye ni dalili, ba da faɗa ba. Na ba ta labarin Rabi. Kun san Rabi. Da cikin tagwayen nan wata takwas tana jan guga a rijiyarmu mai zurfi, tana daka safe da yamma, tun daga nan ba ta ƙara lafiya ba har ta tafi. Ranar da aka fita da ita na dubi Hassana na yi alkawari tsakanina da Allah wannan ba za ta ga abin da uwarta ta gani ba.

Sai likitar ta ce su miƙo hannuwa, ta ce in kama damtsen kowannensu in matsa. Na kama na Usaini, siriri amma kamar igiyar guga. Na kama na Hassana, yatsuna suka nutse kamar a ƙullun masa. Shekara goma sha ɗaya ina yi musu wanka, ina shafa musu mai, ban taɓa riƙe su a lokaci guda don in ji bambanci ba.

Ta yi mini bayani a hankali, da Hausar da zan gane. Ta ce abin da muka ci yana komawa sukari a cikin jini, ko tuwo ne ko fura, kuma tsokar hannu da ta cinya ita ce babbar mai shanye shi. In tsoka tana aiki sai ta buɗe baki ta sha. Ta ce ba nan ta tsaya ba, tsoka mai aiki tana sakin wasu abubuwa cikin jini, kamar 'yan aike, su je su yi magana da hanta da kitse, kuma masana har yanzu suna kan gano su. Ta ce lokacin balaga jikin kowane yaro yakan ɗan yi taurin kai wajen karɓar sukari, amma namiji a lokacin tsoka yake ƙarawa, mace kuma jikinta kitse yake tarawa, haka Allah ya tsara. In aka haɗa da gado, aka haɗa da zama, sai abin ya fi ƙarfin jiki.

"Mama, abinci kin raba musu daidai," ta ce. "Aikin fa?"

Ni da nake raba ƙosai biyu. Na tambaye ta ko ni ce na sa wa yarinyar nan ciwo.

"Ba ke ba ce. Akwai gado, kuma akwai masu zama da ba ya kama su. Amma gadon ba ya hannunki. Wannan yana hannunki."

Ta ce alamu sun nuna irin na manya ne, ba irin na 'yar Argungu ba, don haka ƙwaya za a fara da ita, safe da yamma tare da abinci, a ci gaba da awo, in abu ya canza a dawo da sauri. Ba sukari, ba lemun kwalba, ba alawa. Fura kaɗan. A yawaita wake da ganye, zogale, rama, yakuwa. Ta riƙa tafiya da aiki kullum har ta yi gumi, amma a fara kaɗan-kaɗan, ba a ce a mayar da ita Rabi ba. Kada ta yi yawo ba takalmi. Ta dubi Usaini ta ce shi ma jinin kakan yana jikinsa, ranar da ya sami kujera a ofis ya tuna.

Da muka koma gida na ba Hajiya Kulu ƙullin sukarin da na zo da shi. Usaini ya ce shi mi ya yi. Na ce tagwaye ne. Ya ce shi dai tun da aka fito ba abin da tagwaitakar nan ta jawo masa sai allura da yunwa.

Hassana kuwa tun daga ofishin likita ta rufe baki. Ba ta yi magana a motar Illela ba, ba ta yi a iyaka ba, inda dogon nan ya gane mu ya ce yaron ya fara murmurewa. Ba ranar kasuwa muka dawo ba, don haka motar Konni a Tajaye ta sauke mu, bayan la'asar. Nan ma yanzu akwai kabu-kabu biyu uku, suka taso suna kama kayanmu. Na ba ɗaya kayan na ce ya kai gida. Na ce mu a ƙasa za mu. Rabon da in taka hanyar nan tun kafin gwiwoyina su fara ƙara.

Usaini ya yi gaba yana jifan kurciya. Mu biyu muna baya, tana haki ina haki. Ba mu kai rabi ba ta zauna a gindin wata aduwa ta ce ba ta iyawa. Na zauna kusa da ita. Ta cire takalmi tana duba tafin ƙafarta, tana shafawa.

"Kaka, ni ma yanke ta za a yi?"

Ashe abin da ta ɗauko tun daga Sakkwato ke nan. Tana da shekara shida aka dawo da Malam, na zaci ta manta. Na so in ce mata a'a, in rantse. Amma na riga na yi alkawari ɗaya a kanta, na ga inda ya kai mu. Na ce mata ban sani ba. Na ce kakanta bai san sunan ciwonsa ba sai da ya ci ƙafar, ita kuwa ta san nata, kuma ƙafafunta biyu ga su nan. Na ce ni dai zan tashi, in ta ga dama ta ja ni, don gwiwar nan ta ƙi. Ta mayar da takalmin. Ta miƙe ta kama hannuna ta ɗaga ni. Mun shiga gari ana shirin kiran magariba.

Makon jiya mun je Konni awo. Ya sauka, amma bai kai inda ake so ba. Marurun ya warke, ƙishirwar ta ragu, wuyan har yanzu da sauran baƙi. In an koma lakwal za ta bi Usaini Tajaye, akwai mai koyar da ɗinki kusa da kolejinsu.

Abin da ya fi mini wuya ba hanyar ba ce. Washegarin dawowarmu na fito da turmi na auna mata gero ɗan kaɗan. Kafin ta yi rabi tafinta ya yi bororo. Na ji hannuna yana miƙewa da kansa zai karɓi taɓaryar. Shi ya sa kika gan ni gidanki da sassafe ranar nan, Dije, na ce aron rariya na zo, alhali ina da biyu. Gudu na yi. Amma katangar ba ta tare sauti. Ni kuwa kun san kunnena, daga ɗaka nake gane dakan kowace mace a unguwar nan: na Lanti mai sauri kamar ana korarta, naki mai nauyi da ɗan jinkiri a na uku. Na Hassana a ranar ba shi da kai, bugu biyu ta tsaya, bugu uku taɓarya ta goge bakin turmi. Kina ba ni labarin akuyarki, ni ina ƙirga tsayawarta.

Yau da safe ina kwance na kasa kunne. Na ji na Lanti, na ji naki, na ji wani na uku yana tafiya daidai, ba gaggawa, ba tsayawa. Na ce a raina wace baƙuwa aka yi a unguwar nan. Sai da na ɗaga labule na ga daga tsakar gidana yake fitowa.